Zaren da Barsu Ya Haɗiye

Duk lokacin da kuka taru a gidan nan, da an ci an ƙoshi sai ɗayanku ya jawo zancen shekarar da na kai kare aka yi masa aiki, ku yi ta dariya kuna cewa Mama ta fi son Barsu da 'ya'yan cikinta. Ina ƙyale ku, don dariyarku tana yi mini daɗi. Amma labarin da kuke bayarwa rabi ne, rabin ma a karkace. Yanzu da mahaifinku ya huta, Alhaji Kyari da Ya Falmata ma sun riga mu, babu sauran wanda zai ji kunya, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Da farko dai, ni ban taɓa son karen nan ba. Aikin ungozoma na yi har na tsufa, hannuna ya saba da sabulu, kuma dabbar da ke lasar ƙasa ta zo ta lashi mutum ba ta cikin abin da raina ke so.

Mahaifinku, wanda duk unguwa ke kira Mushe, wato malam a bakin Faransanci, tun yana koyarwa a lekwal, makarantar boko, bai daɗe da ajiye aiki ba hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A asibiti an ce ƙafar za ta dawo in ya riƙa motsa ta. To, kun san halinsa. Mutumin da ya saba tsayawa gaban allo yana ba da umurni ba zai yarda matarsa ta riƙe masa hammata tana cewa ɗaga ƙafa ba. Na lallashe shi, na yi faɗa, na kira fasto, duk a banza. Ya juya fuska ga bango ya kwanta. Ana cikin haka wani ɗan'uwa daga majami'armu, mai garka a Gidimuni, ya kawo mana ɗan kwikwiyo, wai ya yi mana gadi tunda maigida yana kwance. Na yi niyyar mayar masa da abinsa, sai dai kafin in samu mai tafiya can, ɗan banzan ya shiga ɗaki ya ja takalmin Mushe ya fita da shi. Daga madafa na ji ana zagi, na leƙo, sai ga mijina tsaye a bakin ƙofa, dafe da bango, yana haki. Abin da na yi watanni ina roƙo, kwikwiyo ya samu da takalmi ɗaya. Shi ya raɗa masa suna Barsu, irin sunan habaicin nan da ake sa wa karnuka, saboda masu zuwa dubiya suna kaɗa kai kamar sun zo gaisuwar mutuwa.

Daga bakin ƙofa aka kai zaure, daga zaure aka kai ƙarshen lungu, har ta kai kullum da safe sai sun je gindin duwatsun bayan unguwa sun dawo, sanda a hannun dama, igiyar kare ɗaure a hannun da ya shanye. Da jan igiyar nan yatsunsa suka fara riƙe abu. Ni kuwa ina gefe ina wanke kwanon kare ina tsaki. Amma na san abu ɗaya sarai: ranar da Barsu ya daina jan igiya, mahaifinku zai koma gado, kuma ban ga alamar zai sake tashi karo na biyu ba.

Alhaji Kyari kun san shi, katanga ɗaya ta raba mu. Babarbare ne, mai ɗauko rake da kabeji daga garake a motarsa ta ɗaukar kaya. Tun kafin a haifi autanku muke tare, su aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafa da kaji ranar Kirsimeti. Zuwan Barsu bai ɓata wannan ba, sai dai ya ƙara masa ƙa'ida. Alhaji zai yi sallama daga waje, ya jira a ɗaure kare, sannan ya shigo yana tattare babbar rigarsa. Bai taɓa cewa uffan ba, mu ma ba mu taɓa barin karen ya kusanci ƙofarsa ba. Matarsa Ya Falmata tana da wani abu da take yi ranar layya wanda duk unguwa ke jira. Takan yanka tumbi ƙanana, ta cusa kitse da yaji, ta naɗe da hanji, sannan ta ɗaure su a jere da dogon zaren bakin buhu, ƙulli bayan ƙulli, don ta tsamo su daga mai a jawo ɗaya. Mai ci shi ke warware zaren da hannunsa. Ba kowa take ba wa ba.

Ranar Babbar Sallah ta wannan shekara, raguna suna jere a kan itace kewaye da wuta a ƙofar gidaje, hayaƙi ya cika lungu, na shiga maƙwabta yin barka da sallah. Ina fita Alhaji ya shigo da kwano a hannunsa, shi da kansa, bai aiko kowa ba. Ya ce Falmata ta ce wannan na Mushe ne shi kaɗai, naman layya ba ya cutar da mai ciwo. Ya ajiye, ya ce zai je la'asar ya dawo ya ɗauki kwanon. Ku dubi inda mahaifinku ya samu kansa. Likita ya hana shi gishiri da kitse, ni kuma na tsare dokar nan kamar soja, har kukan ce abincinsa ba ya da bambanci da na jarirai. In ya ci, yana tsoron tansiyo, hawan jinin nan nasa, kuma yana tsorona. In ya mayar da kwano cike, ya kunyata maƙwabcin da ya tako da ƙafarsa. In ya ɓoye, hancina zai gano. Ya duba dama ya duba hagu, ya ga Barsu ɗaure a gindin kujerarsa yana dalalar da miyau, sai ya juye masa. Kare kuwa bai san warware zare ba, ya haɗiye jeren gaba ɗaya. Alhaji ya dawo ya iske kwano fes, ya tafi yana murna.

Washegari Barsu ya yi amai, ban damu ba. Ranar rabon nama ce, duk karnukan Damagaram cikinsu ya ɓaci. Amma da aka sake kwana sai abin ya canza. Ya ƙi abinci, ko ruwa ya sha sai ya dawo, ya tsaya ya gantsare baya, ya ƙi kwanciya ya ƙi tafiya. Mushe ya ɗauko igiya kamar kullum, karen ya dube shi bai ko kaɗa wutsiya ba. Na sa safar hannu na taɓa cikinsa, ya yi wani kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Na buɗe bakinsa, sai ga zare ya sarƙe a ƙarƙashin harshe, ya miƙe zuwa maƙogwaro. Hannuna ya kai zai ja, na tsaya. A ɗakin haihuwa mun koyi cewa abin da ba ka ga ƙarshensa ba, ba ka jansa. Na juyo na dubi mahaifinku, na ga ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, na tambaye shi abin da ya sani. Ya faɗa mini duka.

"Maman Rahila," ya ce, "ki yi yadda za ki yi. Amma don Allah kada Alhaji ya ji. In ya ji na ba kare abin da ya kawo mini da hannunsa, da wane ido zan dube shi?"

Na ce masa ya bar wannan tukuna. Matsalar ita ce babu ɗan kabu-kabun da zai ɗauki kare a babur, kuma mota ɗaya ce a lungunmu. Na yafa gyale na je na iske Alhaji cikin baƙinsa, ana ta kasa nama. Na ja shi gefe na ce karen Mushe ne ba lafiya, ya haɗiyi wani abu, in ba a kai shi wurin likitan dabbobi yau ba zai mutu. Ya dubi sabuwar shaddarsa. Sannan ya tambaye ni yaya Mushen yake. Na ce ya koma ɗaki ya kwanta. Bai ƙara tambayar komai ba, ya shiga ya ɗauko makulli. Na shimfiɗa tsohon zane na mirgina Barsu a kai, na kama kusurwa biyu, na tsaya ina neman yadda zan yi da sauran. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya kau da fuska gefe, ya kama.

Ofishin kiwo a rufe yake saboda sallah, amma Alhaji ya san gidan likitan da ke duba masa raguna. Muka iske shi hannu duk mai, yana taya iyalinsa suya. Ya wanke hannu ya kai mu wani ɗan ɗaki da yake aiki a gefen gidansa. Ya duba Barsu, ya yaba da ban ja zaren ba. Ya ce zare a cikin hanji yana tattare shi ne kamar mazugin wando, in aka ja sai ya yanka. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce shanu da tumaki yake yawan fiɗa yana ciro musu leda, hanjin kare kuwa siriri ne, kuma bai san ɓarnar da zai iske ba.

"Madam, hanya biyu ce," ya ce. "Ko in yi masa allura ya huta yanzu ba wahala, ko in buɗe shi. In na buɗe, ban yi miki alkawari ba. Ko ya tashi, jinyar a kanki take."

Na tuna matan da na gani suna zuwa daga ƙauye a amalanke, suna jiran a samu wanda zai yi musu aiki, na ji kunyar tsayuwata a wurin saboda kare. Na san abin da za a faɗa a unguwa, na san abin da za a faɗa a zumuntar matan majami'a. Na kuma san cewa in na koma gida da igiya ba kare, mahaifinku zai ce shi ya kashe shi da hannunsa, kuma wannan maganar za ta kwantar da shi fiye da yadda ciwon ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce wa likita ya buɗe.

Ma'aikacinsa ya tafi sallah ƙauye, don haka ni na tsaya masa, ina miƙa almakashi ina goge jini, aikin da na sani. Ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa ya karye, aka rasa inda za a sa ta. Alhaji da ke tsaye a bakin ƙofa yana jan tasbaha ya matso ya karɓa, ya ɗaga hannu sama, ya tsaya haka har aka gama. Likita ya tsaga hanjin a wurare da dama, yana ciro zaren gutsure-gutsure yana ajiyewa a faranti, wani wuri da ya yi baƙi ya yanke shi ya haɗa. Ina cikin aiki na ɗaga ido na ga Alhaji yana kallon farantin. Ƙulli bayan ƙulli, tazara ɗaya, ɗaurin da ya yi shekara da shekaru yana gani a madafar gidansa. Likita ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, a ina kare ya samo wannan. Kafin in buɗe baki, sai Alhaji ya riga ni.

"A juji mana, likita. Ranar sallah wane kare ne ke wuce juji?"

Muka ɗauko Barsu muka dawo, muka shigo lungu. Alhaji ya kashe mota, bai dube ni ba, ya ce, "Maman Rahila, Falmata ba za ta ji wannan ba. Ta yi abin nan ne da zuciya ɗaya." Na ce ba za ta ji ba. To, kun ji asalin zancen juji da kuka tashi da shi. Ya Falmata ta koma ga Ubangijinta ba ta sani ba.

Jinyar ta ci ni, ba zan ɓoye muku ba. Na gyara wa Barsu wuri a rumfa, ina yi masa allura safe da yamma, ina wanke ɗinkin, gwiwoyina suna ƙara duk na durƙusa. Don kada ya lashi ciwon na huda tsohuwar ƙwarya na zura masa a wuya, ya zama abin kallo, mata suna leƙowa ta zaure suna rufe baki. Maganganun da na yi tsammani duk sun zo. Wata a majami'a ta tambaye ni ko za a sa mai jinyar cikin addu'a, aka yi dariya, na ce a sa shi, ya fi wasu zuwa dubiya. Kai ma Dauda ka bugo waya daga Yamai kana cewa, Mama, kare fa? Na ji zafin wannan fiye da na matan, amma ban gaya maka ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne majinyata biyu gare ni, kuma kowannensu ya ƙi tashi. Barsu yana rumfa, ya ƙi ko kallon kunun da nake dama masa. Mushe yana ɗaki, fuska ga bango, ya ce ba zai iya ganin abin da ya jawo ba. Likita ya zo ya duba, ya ce ɗinki ya yi kyau, amma dole kare ya tashi ya taka, ya ci, ya yi bayan gida. In hanjin bai motsa ba, sai an sake buɗewa, kuma ba ya jin zai ɗauki na biyu. Na ja igiya, na yi lallashi, na yi tsawa. Barsu ya dube ni ta cikin ƙwarya ya mayar da kai ƙasa. Shi ma ya san ba ni ce tasa ba.

Ranar da likita ya faɗi haka, da hantsi, na ji sallamar Alhaji. Kafin in ce a dakata ya riga ya shigo, bai tambayi ko an ɗaure kare ba. Ya wuce ɗakin mahaifinku kai tsaye, ya ja kujera. Ina tsakar gida ina tankaɗe, kuma ba zan ce ban kasa kunne ba. Sun gaisa, Mushe yana amsawa ƙasa-ƙasa. Sai na ji Alhaji ya ce:

"Mushe, na ga zaren."

Na ajiye rariya. Mahaifinku ya fara ba da haƙuri, Alhaji ya katse shi.

"Tsaya. Ni na san an hana ka kitse, na kawo maka, na ce sai na dawo ɗaukar kwano. Da me za ka yi? Ni na matse ka. Abin da na ba ka naka ne, wanda ka ba wa ba ruwana. Amma ni na tsaya da hannu a sama har kafaɗata ta sage, saboda dabbar da ko inuwarta ba na so. Ba don ita na yi ba. In ka bar ta ta mutu kana kwance, wannan kam zan riƙe ka da shi."

Ban ji amsar mahaifinku ba. Abin da na ji shi ne ƙarar gado, sannan ƙwanƙwasar sanda a siminti. Ya fito yana jan ƙafa fiye da da, don kwanciyar ta mayar da shi baya. Ya isa rumfa, ya dafa ginshiƙi, ya kira sunan karen sau ɗaya. Wutsiya ta bugi ƙasa. Ya ce in miƙo masa kunun, ya tsoma yatsun hannun hagu ya miƙa, Barsu ya lasa, ya sake lasa. Da yamma ya sha rabin kwano, washegari da safe ya miƙe da ƙafafunsa yana tangaɗi. Mushe ya ɗaura igiya a hannu. Wannan karon babu mai jan wani, tafiya suke kamar masu tsoron fasa ƙwai, ni ina biye, Alhaji kuma ya fito ƙofar gidansa wai yana shan iska.

Daidai ƙofar Alhaji Barsu ya tsaya. Ya shinshina ƙasa, ya juya, ya tsuguna. Na ɗora hannu a ka, don duk faɗin lungun nan bai ga wuri ba sai nan. Amma ban ja shi ba, Mushe ma bai ja ba. Mu uku, tsofaffi da furfura, muka tsaya muna kallon kare da ƙwarya a wuya yana nishi, ba mai ko tari. Da ya gama na matsa na duba da idon aiki, babu jini.

"Maman Rahila, an samu?" in ji Alhaji.

"An samu, Alhaji."

"To, alhamdu lillahi."

Mahaifinku ya fashe da dariya har sai da ya jingina da bangon Alhaji, hawaye suna zubo masa. Sannan ya ce in kawo shebur. Na kawo zan kwashe, ya ce in ba shi, karensa ne. Ya ba Alhaji sandarsa ya riƙe masa, ya kama shebur da hannu biyu, ya sunkuya a kan ƙafar da aka ce sai an tallafa. Hannuna yana ƙaiƙayi in kama shi, na ɓoye shi cikin gyale. Ya ɗauki lokaci, ya zubar da rabi a hanya ya koma ya kwashe, amma shi ya yi.

Kashegari na tashi na ɗora ruwan wankansa kamar yadda na saba tun da ya kwanta, na juye a bokiti na kai ƙofar ɗaki, na yi magana ba a amsa ba. Na ɗaga labule, gado ba kowa. Na leƙa rumfa, ba kare ba igiya. Na ajiye bokitin a tsakar gida na zauna a kan turmi, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya faɗi, har ruwan ya huce ba su dawo ba.